Maganin Yini Ɗaya da Maganin Wata Biyu

A cikin mas'alolin da suka daɗe suna ɗaure wa malaman ɗibbu kai, tun daga zamanin da ake daka saiwoyi a turmi har zuwa wannan zamani da ake leƙa ƙwaƙwalwar ɗan Adam da na'ura yana zaune da ransa, kaɗan ne suka kai mas'alar ciwon damuwa nauyi, musamman ma irin wanda aka yi ta ba shi magani, aka sauya, aka kuma sauyawa, shi kuwa yana nan daram. Ba ina nufin baƙin cikin wanda aka yi wa rasuwa ko wanda jarinsa ya karye ba, domin wannan sababinsa a fili yake, kuma galibi wucewar kwanaki da ta'aziyyar 'yan'uwa su ke tafiya da shi. Abu Zaidin al-Balhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya riga ya rarrabe tsakaninsu a cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya ware baƙin cikin da aka san dalilinsa daga wanda yakan sauko wa mutum haka kawai, ya danne shi, ya raba shi da sha'awar komai, ya kuma hukunta cewa wannan na biyun asalinsa daga jiki yake, saboda haka yana bukatar magani kamar yadda sauran cututtukan jiki suke bukata.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ɗauke da wannan ciwo da kimanin mutum miliyan 280, kuma da yawa daga cikin waɗanda Allah ya hore wa zuwa gaban likita sukan sami sauƙi da ƙwayoyin da aka saba da su. Waɗanda muke magana a kansu su ne ragowar, watau waɗanda aka ba magani iri biyu mabambanta, kowanne da cikakken awonsa, kowanne har tsawon makonnin da ya kamata, amma ciwon bai sake su ba. Wannan shi ne haddin da galibin likitoci suka tsaya a kai in sun ce ciwo ya gagari magani. A kan waɗannan bayin Allah ne saɓani ya tashi tun farkon wannan ƙarni, tsakanin masu cewa a ci gaba da bin tsohuwar hanya sannu a hankali, da masu cewa tun da an sami abin da ke ɗaga mutum cikin yini guda, zalunci ne a bar shi yana ƙirga watanni.

Tsohuwar hanyar ita kanta ba da niyya aka same ta ba. A shekarar 1952, a asibitin Sea View da ke birnin New York, ana cikin gwada wani maganin tarin fuka mai suna ipironiyazid, sai likitoci suka lura marasa lafiyar da suka riga suka fid da rai sun soma cin abinci da marmari, suna hira, suna raha, fiye da abin da sauƙin huhu kaɗai zai jawo. Bayan shekara biyar wani likita mutumin Suwizalan, Roland Kuhn, ya ba da rahoton imipiramin, wanda aka fara gwadawa a kan masu taɓin hankali bai tsinana musu komai ba, amma ya yaye wa masu damuwa. Daga zuriyarsa aka sami amitiriptilin, wanda har yau ake rubutawa a asibitocinmu saboda arharsa. Sa'an nan a ƙarshen 1987 fuluoksetin ya fito da sunan Prozac, danginsa suka biyo shi. Duk da yawan sunayen nan, kusan aikinsu ɗaya ne, watau ƙara yawan wasu sinadarai, serotonin da noradiranalin, waɗanda ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo da su. Sababbin sun fi tsofaffin sauƙin illa, amma ba su fi su ƙarfi ba, ba su kuma fi su sauri ba. Abin da ya daɗe yana damun masana kuwa shi ne, sinadarin yakan ƙaru 'yan sa'o'i bayan haɗiye ƙwayar farko, alhali sauƙin da ake nema sai an yi mako huɗu, ko shida, wani lokaci takwas, kafin ya bayyana sosai. Da a ce ƙarancin serotonin shi kaɗai ne sababin ciwon, da tun ranar farko mutum ya miƙe.

Wanda bai taɓa zama da mai wannan ciwo ba, ba zai gane abin da mako shida yake nufi ba. Ga magidanci ya daina buɗe shagonsa, yana kwance fuskarsa a bango, asuba ta fi kowane lokaci yi masa nauyi, domin tun ƙarfe uku idonsa biyu yana lissafin laifuffukan da bai aikata ba. An ba shi ƙwaya, kuma abin da ya fara iso masa daga gare ta illarta ce: bakinsa ya bushe, jiri na ɗibarsa in ya miƙe, zuciyarsa na tashi. Matarsa ta durƙusa da kofin ruwa tana cewa, "Maigida, daure ka sha, likita ya ce sai a hankali." Wansa kuma ya leƙo ya dubi fakitin da aka ci rabinsa, ya ce, "Kwana ashirin ke nan fa, ni ban ga wani canji ba, anya wannan ciwon na asibiti ne?" A irin wannan rana ce ake ajiye magani, kwana kaɗan kafin ya fara aiki. Babban aibin tsohuwar hanya a wurina shi ne wannan, cewa tana neman haƙuri da kyakkyawan zato daga wurin mutumin da haƙiƙanin ciwonsa shi ne yankewar ƙauna.

An kuwa auna tsawon wannan jira da alƙaluma. Cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani babban gwaji mai suna STAR*D, wanda ya ƙunshi mutum sama da 4,000, aka bayyana sakamakonsa a 2006. An fara ba kowa magani ɗaya, wanda bai warke ba a sauya masa ko a ƙara masa wani, haka har hawa huɗu. A hawan farko kimanin kashi 37 cikin ɗari suka warware, a na biyu kimanin 31, a na uku sai abin ya faɗi zuwa 14, a na huɗu 13. Kowane hawa kuwa yana iya cin wata uku, ga shi kuma waɗanda suka warke a makare su suka fi saurin komawa ciki. Masu gwajin sun ce in an tara duka, kashi 67 za su warke, muddin ba wanda ya janye; amma wasu masana da suka sake bin bayanan a 2023 bisa ainihin ƙa'idar da aka shimfiɗa tun farko, sun ce adadin bai wuce 35 ba. Ko wanne mutum ya ɗauka, abu ɗaya ba shi da shubuha, watau bayan magani na biyu ya gaza, sauya ƙwaya da wata mai kama da ita amfaninsa kaɗan ne.

Sai dai kafin a yanke wa ciwo hukuncin gagara, wajibi ne a yi tahƙiƙi, domin sau da yawa ba ciwon ne ya gagara ba, maganin ne ba a ba shi haƙƙinsa ba. Wani rabin awo aka rubuta masa. Wani mako biyu ya sha kuɗi suka ƙare. Wani jabu aka sayar masa a kemis. Wani ƙarancin jini ke cin sa, ko raunin ƙullutun nan na maƙogwaro wanda kan kumbura ya zama maƙoƙo. Wani kuma ciwonsa irin mai juyawa ne tsakanin ƙunci da zumuɗi, wanda maganinsa daban ne ɗungum. Akwai kuma matar da ake duka kullum dare, wadda ba ƙwayar da za ta warkar da ita tana cikin gidan nan.

Shi kuwa magani mai sauri ba baƙo ba ne, har ma ya girmi ƙwayoyin. A watan Afrilu na 1938, a birnin Rum, Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara ratsa wutar lantarki kaɗan ta kan mara lafiya domin ta tayar masa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Yadda aka yi ta yin sa a farko, mutum ido biyu, ana danne shi, wani lokaci har ƙashi ya karye, shi ya ɓata masa suna har yau. Amma yanzu sai an sa mutum barci an kuma ba shi maganin saki jiki, a yi sau biyu ko uku a mako, jimla sau shida zuwa goma sha biyu. Ga wanda ya daina ci da sha da magana, ko wanda damuwarsa ta kai shi ga ruɗu yana ganin shi halakakke ne, har yanzu ba a sami abin da ya fi wannan ƙarfi ba, kuma sauƙin yakan fara cikin mako ɗaya ko biyu. Farashinsa mantuwa ce, wadda ga mafi yawa takan washe, ga wasu kuwa takan tafi da wani yanki na abin da ya faru a watannin da ke kusa da jinyar, ba ya dawowa. Akwai kuma wani abin al'ajabi da likitocin Jamus suka tabbatar tun wajen 1971, cewa in aka hana mai damuwa barci dare guda cur, kusan rabinsu sukan wayi gari da sauƙi bayyananne, amma da zarar sun runtsa sai mafi yawansu su farka cikin halin da suke a da. Wannan ya isa ya nuna tun da wuri cewa ƙwaƙwalwa tana iya juyowa cikin sa'o'i, ya kuma nuna cewa juyowa daban, tabbata daban.

Abin da ya tayar da jayayyar zamaninmu shi ne ketamin. Calvin Stevens ya harhaɗa shi a 1962 domin kamfanin Parke-Davis, aka yarda da shi a Amurka a 1970 a matsayin allurar barcin tiyata, ya yi aiki a fagen yaƙin Biyetnam, ya kuma shiga jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ƙasa ba ta wadata da barinsu. A shekarar 2000 wasu likitoci a Jami'ar Yale, cikinsu har da Robert Berman da John Krystal da Dennis Charney, suka ba da rahoton mutum bakwai kacal da aka ɗura wa ɗan kaɗan daga cikinsa ta jijiya, damuwarsu ta ragu ƙwarai cikin kwana uku. Ba a kula da rahoton sosai ba sai a 2006, lokacin da Carlos Zarate ya maimaita gwajin a kan mutum goma sha takwas waɗanda magunguna da yawa suka gaza a kansu, aka ga sauƙi ya fara kafin sa'a biyu, kuma washegari kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa nauyin ciwonsu ya ragu da rabi ko fiye.

Yadda ake yin sa ba shi da wani kwarjini a ido. Mutum ya kishingiɗa a kujera cikin ɗaki mai ƙarancin haske, a ɗaura masa abin awon jini a damtse ɗaya, a sa masa ƙarin ruwa a ɗaya hannun, a cikinsa akwai rabin miligiram na maganin ga kowane kilo na nauyinsa, yana ɗiga har minti arba'in. Bayan kamar minti goma sai ya ji muryar nas tana zuwa daga nesa, hannunsa kamar ba nasa ba, lokaci ya miƙe, wani ya ji daɗin wannan, wani ya firgita ya riƙe hannun mai jinya. Jininsa yakan ɗan hau, wani ya yi amai. Kafin sa'a biyu duk wannan ya wuce, kuma abin da waɗanda ya karɓa suke faɗi ba farin ciki ba ne, a'a, cewa suke muryar nan da ke zarginsu dare da rana ta yi shiru. Ta fuskar aiki kuwa, ketamin bai bi ta kan serotonin ba. Yana toshe wata kafa ce ta wani sinadari mai suna gulutamet, wanda shi ne mafi yawan abin da ƙwaƙwalwa ke zaburar da kanta da shi. Ronald Duman da abokan aikinsa sun nuna a 2010, a jikin ɓeraye, cewa cikin yini guda da ba da shi sababbin mahaɗai sukan tsiro tsakanin ƙwayoyin jijiya. Daga nan aka ƙarfafa zaton cewa wannan tsiron shi ne maƙasudin duka magungunan, tsofaffin suna isa gare shi ta doguwar hanya, ketamin ta gajeriya. Zato ne mai ƙarfi, amma bai kai matsayin yaƙini ba.

Inda fa'idar saurin ta fi fitowa shi ne ga wanda ya fara saƙa kashe kansa, domin shi ba shi da mako shida. A wani gwaji da aka yi a Faransa, aka buga a 2022, mutum 156 da aka kwantar saboda wannan tunani aka raba su biyu, wasu aka ɗura musu ketamin sau biyu, wasu ruwan gishiri, kowa kuma aka ci gaba da ba shi jinyar da aka saba. A rana ta uku kashi 63 na masu ketamin tunanin ya bar su, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 32. Amma da aka kai mako na shida sai tazarar ta ƙanƙance har ba a iya kafa hujja da ita, domin waɗancan ma jinyar sannu ta iso da su. A cikin wannan gwaji ɗaya mai karatu zai ga mas'alar dukkanta, alherinta da iyakarta. Allura guda amfaninta yakan dushe cikin mako ɗaya, ko biyu in ya daɗe, shi ya sa ake jera shida cikin mako biyu zuwa uku, bayan nan kuma da yawa sai an riƙa sabunta musu. Ga shi kuma abu ne mai sa maye wanda ake iya kamuwa da shi, masu yawaita shan sa mafitsararsu takan lalace, kuma mutuwar ɗan wasan Amurka Matthew Perry a watan Oktoba na 2023, wanda ya fara karɓarsa a hannun likita sa'an nan ya koma nemansa ta bayan fage, ta nuna inda wannan hanya take iya ƙarewa.

Akwai kuma wata shubuha wadda bai halatta mai adalci ya tsallake ta ba. Ƙa'idar gwajin magani ita ce kada mara lafiya ya san ko na gaske aka ba shi ko na banza, domin fata shi kansa yana rage damuwa. To, yaya za a ɓoye wa mutum abin da ke raba shi da jikinsa cikin minti goma? Wasu likitoci a Jami'ar Stanford sun yi dabara a 2023: suka sami mutum 40 masu damuwa waɗanda dama za a yi musu tiyata, suka ɗura wa rabinsu ketamin, rabinsu ruwan gishiri, duka suna cikin barcin tiyata. Da suka farka, ɓangarorin biyu duk suka sami sauƙi mai yawa, ba a ga bambanci ba, kuma waɗanda suka fi samun sauƙi su suka fi zaton su aka ba maganin. Gwajin ƙarami ne, kuma mai yiwuwa maganin barcin ya shiga tsakani. Ban ɗauke shi rushe ketamin ba, tun da a wani gwaji na 2013 da aka kwatanta shi da wani magani mai sa maye-maye domin a ɓatar da sawu, ya yi rinjaye da kashi 64 a kan 28. Amma na ɗauke shi gargaɗi cewa alƙaluman farko masu ban mamaki akwai kason fata a cikinsu, ba kuwa ƙarami ba.

Tun da ketamin tsohon magani ne wanda kowane kamfani yake iya yi, kwalbarsa 'yan daloli, ba wanda ya ga riba a kashe dukiya domin a yi masa rajistar maganin damuwa. Sai kamfanin Janssen ya ware rabi ɗaya daga cikin siffofinsa biyu, ya mai da shi feshin hanci mai suna Spravato, hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a watan Maris na 2019, bisa sharaɗin a shaƙa a asibiti, a zauna sa'a biyu ana duba mutum, kada ya tuƙa mota sai washegari. Kuɗin zama ɗaya a lokacin dala 590 zuwa 885 ne, kuma a watan farko sau biyu ake yi a mako. Daga cikin gwaje-gwaje uku na gajeren zango da aka gabatar, ɗaya ne kawai ya ci jarrabawa sosai, da tazarar maki huɗu a ma'auni mai maki sittin. Hukumar da ke duba wa Ingila ko magani ya cancanci kuɗinsa ta ƙi amincewa da shi a ƙarshen 2022. Gwajin da ya fi amsa tambayarmu kai tsaye shi ne na 2023, wanda ya haɗa mutum 676, aka kwatanta feshin da ƙara ƙwayar kwetiyapin, wadda tana cikin abin da tsohuwar hanya take yi in magani ya gaza. A mako na takwas kashi 27 na masu feshi suka warware, na masu ƙwaya kuwa kusan 18. Rinjaye ne na gaskiya, kuma ya ɗore har ƙarshen gwajin. Amma a lura, ko a ɓangaren da ya yi nasara, kusan mutum uku cikin huɗu ba su warware a mako na takwas ba.

Tsakanin ketamin da lantarki ma an yi gwaji biyu waɗanda a zahiri suka saɓa. Na Amurka, mai mutum 403, ya ba ketamin kashi 55 a kan 41; na Suwidin, mai mutum 186, ya ba lantarki kashi 63 a kan 46. In aka yi musu irin jam'in da malamai suke yi wa nassoshi biyu masu kama da karo da juna, sai a ga ba karo: na Amurka mafi yawan mutanensa daga gida suke zuwa, kuma an cire masu ruɗu, na Suwidin kuwa kwantattu ne masu tsananin ciwo, kuma tsofaffin cikinsu lantarki ya fi yi musu amfani. Kowane ɗaya da mahallinsa.

Sauran hanyoyin sai a taƙaita. Akwai zaburar da gaban ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, wanda a da yake cin mako shida, aka matse shi a Stanford zuwa kwana biyar, sau goma a yini, amma gwajin da aka dogara da shi mutum 29 ne. Akwai silosaibin da ake samu a jikin wani naman kaza, wanda a gwajin 2022 kashi 29 suka warware da shi a mako na uku, Ostareliya kuma ta halatta wa wasu likitoci ba da shi a 2023; matsalar ɓoye wa mara lafiya abin da aka ba shi ta fi tsanani a nan. Akwai kuma zuranolon, ƙwayar kwana goma sha huɗu domin damuwar bayan haihuwa.

Abin da na rinjayar bayan wannan duka shi ne, waɗanda suka jera hanyoyin biyu suna tambaya wacce ta fi, sun haɗa abu biyu da ba aikinsu ɗaya ba. Wanda ya faɗa rijiya igiya yake bukata yanzu yanzu, kuma mahaukaci ne zai tsaya yi masa bayanin ginin bakin rijiya. Amma igiya ba ta hana shi sake faɗawa gobe. Hujjata a kan wannan ta fito ne daga gidan masu saurin kansu. A 2001 Harold Sackeim ya bi sawun mutanen da lantarki ya warkar har wata shida: waɗanda aka ba ƙwayar banza kashi 84 suka koma ciki, waɗanda aka ba nortiriptilin 60, waɗanda aka haɗa musu shi da litiyam 39. Watau mafi ƙarfin magani mai sauri, in ba a tokare shi da na sannu ba, kusan duk abin da ya gina rushewa yake. Litiyam ɗin nan kuwa, gishiri mai arha wanda John Cade ya gano amfaninsa a Ostareliya a 1949, yana cikin 'yan magungunan da aka sami hujjar cewa suna rage kashe kai a tsawon shekaru, alhali takardar da ke cikin kwalin Spravato ta faɗi ƙarara cewa ba a tabbatar yana hana kashe kai ba. Saboda haka wanda ke bakin halaka, ko ya daina ci da sha, larura ta wajabta a gaggauta masa, kuma jinkirtawa da sunan taka-tsantsan kuskure ne babba. Wanda magani biyu suka gaza a kansa bayan tahƙiƙi, bai kamata a ja shi zuwa na huɗu da na biyar kafin a ambata masa ketamin ko lantarki ba. Amma kwanakin sauƙin da aka samo masa, a cikinsu ne ya kamata a daidaita ƙwayar da za ta riƙe shi, a fara zaman tattaunawa da masanin halayya wanda da can ba ya iya ko sauraronsa, a maido shi sahun salla da bakin kasuwa, domin kwanakin ƙidayayyu ne.

Mu a ƙasashenmu lamarin ya zo mana a juye, domin abin da ake biya wa ɗaruruwan daloli a Amurka, asalinsa yana nan cikin kabad ɗin ɗakin tiyata na ƙananan asibitoci daga Sakkwato har Damagaram. Da ketamin ake fiɗa a ciro jariri inda babu wuta babu tukunyar iska, saboda ba ya danne numfashi kamar sauran magungunan barci. Shi ya sa a 2015, da ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin ƙwayoyin da ake ƙuntata cinikinsu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi goyon baya, aka jingine maganar. An ma gwada a Ostareliya, aka buga a 2023, cewa wannan mai arhar in aka yi allurarsa ƙarƙashin fata sau biyu a mako har wata guda, kimanin mutum ɗaya cikin biyar yakan warware, abin da ba ya bukatar ko ƙarin ruwa. Wannan bushara ce, kuma abin tsoro ne, ga duk wanda ya ga abin da taramol da kodin suka yi wa matasanmu har gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Ranar da labari ya bazu cewa akwai allurar da ke yaye damuwa, masu kemis za su riga likitoci, kuma in ɓarna ta yawaita aka ƙuntata shi, mai naƙuda a ƙauye ita za ta fara biyan diyya.

Abin da muke da ƙarancinsa shi ne likitan ƙwaƙwalwa da zai tantance wa ya cancanta, su kuwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200 na Nijeriya. Da nas mai sa'a biyu da za ta zauna tana auna jini. Da littafin da za a rubuta kowace kwalba da sunan wanda aka yi wa. Da wanda zai nemi mara lafiya a rana ta takwas, lokacin da maganin ya fara sakinsa, wanda shi ne lokacin da aka fi jin tsoron yankewar ƙauna ta biyu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe ƙofar tsara irin wannan aiki. A ganina asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Dawanau da Kware da Maiduguri, tare da asibitocin koyarwa inda masu ba da maganin barci suke kusa, su ya kamata su fara, su rubuta ƙa'ida guda da za su bi tare, su kuma riƙa bin sawun kowane mara lafiya aƙalla wata shida suna rubuta abin da ya same shi, domin manyan gwaje-gwajen da muka ambata galibinsu a Amurka da Turai da Ostareliya aka yi su.